Kujerar Lastri a Layin Makka

A zuri'ar Darmaji ba a taɓa binne mutum da bashi a wuyansa ba. Haji Harjito ne ya faɗi haka a lasifika ranar jana'izar mahaifinsa Darmaji, wanda muke ce wa Mbah, wato kaka, kuma duk layinmu ya ji, har masu rini da ke can bakin kogi.

Al'adarmu ce a garinmu Pekalongan na bakin teku, kafin a ɗaga makara wani daga cikin iyali ya tsaya ya nema wa mamaci yafiya, ya kuma ce duk mai bin sa bashi ya zo. Yawanci a taƙaice ake yi a wuce. Amma Haji Harjito babban ɗa ne, babban ma'aikaci kuma a ofishin gunduma, ba ya yin komai a taƙaice. Ya gyara farar hularsa ta alhazai, ya ƙwanƙwasa kan lasifikar da yatsa, ya ce:

"Jama'a ku shaida. Ko rupiya ɗaya wani yake bin mahaifinmu, daga yau ta bar wuyansa ta dawo wuyanmu. Ƙofarmu a buɗe take."

Mutane suka yi ta sa albarka. Matarsa, Bu Endang, ta ɗauki jawabin a waya, ta watsa shi a intanet tun ba a gama zuba ƙasa ba. Bu muke ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Pak.

Bai dai faɗi wace ƙofa ba. Tasa tana can sabon rukunin gidaje na kudu, inda akwai mai gadi da sandar tare mota. Ta marigayin kuwa tana nan layinmu, kuma ba ta rufuwa sosai tun da ruwan teku ya fara shigo mana gida ya kumbura katakonta.

Bayan wannan ƙofar Lastri take, autar gidan, ba miji ba ɗa. Ita ta yi jinyar tsohon har ya cika. Kullum da safe tana fito da tebur da benci, tana sayar da shinkafa da megono, haɗin kayan lambu da kwakwa, a ganyen ayaba, masu aikin rini da ɗinki su ci kafin su wuce. Ni ma a nan nake karyawa kafin na tafi makarantar da nake koyarwa.

Abu ɗaya ta mallaka a duniya, kujerar Makka. Ta ajiye rupiya miliyan ashirin da biyar ɗin da ake ajiyewa, aka ba ta lamba, ta shiga layi tun gashinta bai fara fari ba. Wanda ya cire kuɗinsa lambarsa ta tafi, sai ya koma ƙarshen layi, kuma layin yanzu ya fi sauran kwanan mai shekara hamsin tsawo. Duk wanda ya zo cin shinkafa sai ya tsokane ta, "Bu Haji ta gobe, yaushe tafiya?" Ita kuma ta ce, "Saura kaɗan." A bana maganar ta kusa zama gaskiya.

Ba a daɗe da share makoki ba mutum biyu suka zo a kan babur. Ɗaya ƙato ne da ba ya magana. Ɗayan siriri, da riga mai guga, ya ce sunansa Yudi. Ya sayi shinkafa, ya ci, ya yaba, ya biya. Sannan ya fito da waya ya kunna mata muryar yayanta.

"Allah ya jiƙan Mbah Darmaji," ya ce. "Mun ga jawabin iyali, Bu. Wallahi a ofishinmu har wata sai da ta share hawaye. Irinku sun yi ƙaranci."

"Wane bashi?" in ji Lastri. "Baba ko taba ba ya karɓa bashi."

"Tsohon bashi ne, na banki. Bankin ya gaji da jira, ya share shi daga lissafinsa, ya sayar mana."

"Ana sayar da bashi?"

"Ana sayar da komai, Bu. Ke in shinkafa ta kwana, zubarwa kike yi? Ai soyawa kike ki sake fitarwa."

Ya faɗi adadin a hankali, kamar mai gaya wa majinyaci sunan ciwonsa. Da kuɗin ruwa da tara, miliyan casa'in. Lastri ta ajiye ludayi ta dafa tebur.

Babu wanda bai san wannan bashin ba a layinmu, sai dai ba a faɗa. Shekarun baya Harjito ya so zuwa Makka ta layin masu kuɗi, wanda ba a tsufa a cikinsa. Albashinsa an riga an jinginar a wani banki, sai ya ɗauki tsohon a mota ya kai shi ya sa hannu. Ya biya wata biyu ko uku, ya daina. Da wannan kuɗi aka samo farar hular da ya gyara a gaban lasifika.

Da yamma Lastri ta hau motar haya ta tafi kudu. Mai gadi ya tsayar da ita har sai da aka buga waya ciki. Ta zauna a bakin kujera a falon yayanta, a ƙarƙashin babban hoton Ka'aba mai fitila.

"Mas, masu bashi sun zo." Mas muke ce wa yaya namiji, Mbak yaya mace, ƙanwa kuma Dik.

"Wannan bashin ya riga Baba mutuwa," in ji Harjito. "Banki ya share shi. Abin da aka share an share."

"Sun ce sun saya."

"To su ci abin da suka saya."

"Sun kunna min jawabinka."

"Dik, jawabin jana'iza kowa yana yi. Da sunan iyali na yi magana. Ke ba iyali ba ce?"

Bu Endang ta shigo da shayi, ta ajiye kofi ɗaya a gaban mijinta. "Kuma ke ce a cikin gidan gado, Dik Lastri. Ba haya, ba komai. Mun taɓa ce miki ki fita?"

"Gidan da ruwa ke kwana a ƙarƙashin gado, Mbak?"

"Gida dai gida ne."

Harjito ya sassauta murya. Ya ce ana duba sunansa don ƙarin girma a ofis, kuma irin waɗannan 'yan iskan in suka je can da baburinsu, mutuncin iyali duka ne zai zube, har da nata. "Ki rabu da su, za su gaji. Kar dai ki ba su lambata." Da za ta tafi aka ba ta dabino a leda da kuɗin mota na zuwa, ban da na komawa.

Ba su gaji ba. Gajiya ba ta cikin aikinsu. Kullum da safe ƙaton yana zuwa ya zauna a tsakiyar bencin, ya miƙe ƙafafu, ya ƙura wa duk mai cin abinci ido har ya haɗiye. Yudi kuma ya tsaya yana tarbar mutane kamar mai gidan biki.

"Ku ci ku biya nan take, Pak, ban da bashi. Bu tana fama da na mamaci."

Masu rini suka fara wucewa da kai a sunkuye, suna karyawa a wurin wata mai tebur a bakin gada. Ba mugunta ba ce. Mutum ba ya son cin shinkafa ana ƙirga masa loma. Tukunyar da take ƙarewa kafin rana ta ɗaga sai ta kai azahar da rabi a ciki. Ta soya ta fitar da yamma, ba mai saye. Ta rage awo. Ta sake ragewa.

Kullum kafin su tafi tana ba su wani abu, don su bar mata bencin da wuri. Yudi ya karɓa da hannu biyu.

"Wannan nawa ya rage?" ta tambaye shi wata rana.

"Wannan na mai ne, Bu. Babur ba ya shan addu'a."

Sai aka fara da waya. Matan da take zuwa karatu da su a masallaci suka samu saƙo ɗaya a rana ɗaya: hoton tsohon da hularsa ta Idi, a ƙasa an rubuta cewa wannan bawan Allah yana kabari da hakkin mutane, 'yarsa kuma tana da hali ta ƙi. Babu wadda ta yi mata maganar. Sun dai matsa mata wuri a tabarma, wuri mai faɗi fiye da yadda take bukata. Ta daina zuwa.

Rediyon tsohon ya tafi. 'Yan kunnen uwarta suka bi shi. Ta sayar da tukunyar gas ɗaya ta koma hura itace a bayan gida, kuma itacen a jiƙe yake saboda ruwa, hayaƙinsa ya sa idanunta suka zama ja kullum, ta yadda ba a iya gane ranar da ta yi kuka.

Wata safiya na same ta ita kaɗai, babur ɗin bai iso ba tukuna. Na gaya mata abin da na sani. Na ce magada suna biya ne daga abin da mamaci ya bari, ba daga aljihunsu ba, tsohon kuma bai bar komai ba sai gidan da ko kyauta ba mai karɓa. Na ce ba ta ci ba, ba ta sa hannu ba, kar kuma ta sa. Na ce irin wannan bashi a dunƙule ake sayar da shi, kamar ƙyallayen da teloli ke zubarwa, ƙila na tsohon bai kai musu kuɗin akuya ba.

Ta saurare ni har na gama, tana naɗe ganye.

"Pak Guru," ta ce, yadda ake kiran malamin makaranta a wurinmu, "dokar nan taku tana shiga kabari?"



"Yana zo min a mafarki," ta ce. "A tsaye a cikin ruwan ɗaki, yana neman takalminsa. Na ce Baba ka zauna, ya ce ba a ba shi izini ba."

"Pak Guru ya faɗi gaskiya." Yudi ne a bayana, ban ji tsayuwar babur ɗin ba. Ya cire hular kwano yana murmushi. "A doka ba ki da laifi, Bu. Mu ma ba kotu za mu kai ki ba, kotu tsada. Za mu iya jira. Mbah ne dai ban sani ba ko yana jin daɗin jiran. Malamai sun ce ran mai bashi a rataye yake. Ni ba malami ba ne. Pak Guru ya fi ni sani."

Na biya kuɗin shinkafata na tafi koyar da yara tsarin mulki.

A ƙarshe Yudi da ƙaton sun gano gidan Harjito da kansu, tunda wanda ya watsa fuskarsa a intanet bai ɓuya ba. Ba su wuce sandar mai gadi ba. Bu Endang ce ta fito ta same su a nan, aka yi magana gajeriya. Washegari Yudi ya zo layinmu shi kaɗai, ba ƙaton, da ledar lemo a hannu.

"Albishir, Bu. Na yi miki faɗa da manya a Jakarta. Sun yarda su yafe ruwa, su yafe tara. Miliyan ashirin da biyar, a rufe magana."

Lastri ta dube shi. Wannan adadin ta san shi kamar sunanta.

"Ina zan samu?"

"An ce kina da ajiya."

"Wa ya ce?"

"Bu Haji Endang ce ta tuna mana, Allah ya saka mata. Ta ce kuɗi ne a kwance, ba abin da suke yi."

Ba ta jira motar haya ba, a bayan babur ɗin haya ta tafi. Ta samu yayanta yana ba kifayen ado abinci a tsakar gida.

"Mas, kujerata ce."

"Na sani, Dik."

"Saura kaɗan a kira ni. Mas, na roƙe ka. Ko rabi. Ko ka sayar da ɗaya daga cikin baburan yara. Zan riƙa biyan ka daga shinkafa, wallahi zan biya."

"Ki tashi daga ƙasa, maƙwabta suna gani." Ya kakkaɓe hannunsa. "Ki saurare ni, ni na je na gani. Hajji kira ne. In Allah ya kira ki za ki je ko ba lamba. In bai kira ki ba, lamba ba ta kai mutum. Kuma wane hajji za ki yi uba yana rataye? Sauke wa iyaye nauyi, ai ladansa ba ya misaltuwa. Ni har kishinki nake."

"Kuɗin da kai ka je da su ne, Mas."

Wannan ne karo na farko da wani ya faɗa a fili. Harjito ya dubi kifayen. Bu Endang ta leƙo ta taga.

"Sunan wa ke jikin takardar banki?" ta ce. "In Baba ya ga dama ya yi wa ɗansa kyauta, sai a tono shi a tambaye shi?"

"Bari, Bu," in ji Harjito, da muryar mai yafiya. "Ɓacin rai ne." Ya juyo wurin ƙanwarsa. "Ba zan bar ki ke kaɗai ba. Sadakar kwana ɗari ta Baba, ni zan tsaya a kanta. Rumfa, kujeru, komai. Ke girki kawai za ki yi."

Lastri ta sa wa Yudi hannu a kan teburin shinkafa, a takardar da ta ce ita Sulastri, cikakken sunanta ke nan, ta karɓi bashin a kanta. Ya kawo biro nasa. Sannan ta sa farar rigar da ta ɗinka tun bara ta ajiye don tafiya, ta je ofishin alhazai. Ma'aikaciyar da ke wurin ta duba lambar, ta dube ta.

"Bu, kin kusa fa. Kin san in kika cire ba a mayarwa?"

"Na sani."

"Rashin lafiya ce?"

"A'a."

"To me zan rubuta?"

"Rubuta iyali."

Kuɗin sun ɗauki makonni kafin su fito, ƙaton kuma ya ci gaba da zama a bencin har ranar, don kar ta manta. Da suka fito ba su kwana a hannunta ba. Yudi ya yi mata godiya, ya ce yanzu Mbah zai miƙe ƙafa, ya ce takardar shaidar kammala biya za ta zo daga Jakarta. Tana hanya har yanzu.

Ranar sadakar, bayan la'asar, aka toshe layinmu da rumfa mai labule kore. Kujerun roba har bakin masallaci. Lastri tun asuba take bayan gida a cikin hayaƙi, ta dafa wa mutum fiye da ɗari, ta naɗe na tafiya da shi gida a kwali. Aka yi tahlili, aka yi addu'a. Sannan Haji Harjito ya miƙe, ya gyara hula, ya ƙwanƙwasa kan lasifika.

Ya ce jama'a za su tuna alkawarin da iyali suka ɗauka a gaban makara. Ya ce an jarraba su, wani tsohon bashi ya fito wanda ba su san da shi ba, kuma doka ma ba ta tilasta musu ba. Amma su ba da doka suke aiki ba, da tsoron Allah suke aiki. Iyali sun biya har rupiya ta ƙarshe. Muryarsa ta ɗan karye a nan, ya tsaya ya sha ruwa.

"A zuri'ar Darmaji," ya ce, "ba a taɓa binne mutum da bashi a wuyansa ba."

Aka ce amin da ƙarfi. Bu Endang ta riƙe waya sama da hannu biyu don ta samu kan kowa.

Harjito da matarsa ba su daɗe ba. Lokacin hawan ruwa ya kusa, motarsu kuma ƙasanta a kusa yake. Mutane suka watse da kwalayensu. Na zaga baya in mayar da farantan gidanmu da aka ara, na samu Lastri a tsugune a gaban baho, hannunta cikin kumfa. Wata tsohuwa da ba ta ji sosai ta tsaya a kanta tana ɗaure kwalinta a gyale.

"Girki ya yi daɗi, Bu Haji ta gobe. Yaushe tafiya?"

"Saura kaɗan, Mbah," in ji Lastri.

Sai ga mai hayar rumfa ya leƙo ta ƙofar baya, yana murza hularsa.

"Bu, Pak Haji ya ce a karɓa a wurinki. Ya ce ke ce a gida."

Ta ɗago ta dube shi. Ta dubi ƙofar layi, inda motar ta tsaya ɗazu. Sannan ta goge hannu a zani, ta shiga ciki ta fito da gwangwanin biskit da take ajiye kuɗin cefanen gobe.

"Rumfa da kujeru zan biya ka kaɗan-kaɗan, in ka yarda."

"Ba komai, Bu. Lasifikar ce dai ba tawa ba, aro na yi. Mai ita yana jira."

"Nawa ne?"

Ya faɗa. Ta juye gwangwanin a kan murfin tukunya, ta ware masa, ta haɗa da tsabar da ke ƙasa. Ya cika daidai. Ta mayar da murfin gwangwanin, ta ɗaga buhun shinkafar da ya rage ta ɗora a kan benci, don ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ta koma kan farantan.